Sun yi jiran gadon sarautar Birtaniya amma ba su hau ba: yadda rashinsu ya tsara dokar gado

Tun da fadar Buckingham ta sanar a watan Fabrairun 2024 cewa Sarki Charles na Uku yana jinyar cutar daji, maganar gadon sarautar Birtaniya ta sake dawowa bakin jama'a. Tambayar da ta fi rikita mutane ita ce: da a ce Yarima William zai riga mahaifinsa barin duniya, wa zai gaji sarautar? Da yawa kan ce ai Yarima Harry ne, tunda shi ne ɗan sarki da ya rage. Doka ba haka ta ce ba. Sarautar za ta gangara kan George, ɗan William na fari, sai ƙanwarsa Charlotte, sai Louis, sannan a zo kan Harry, wanda a yanzu yake matsayi na biyar a jerin magada.

Wannan ƙa'ida da ire-irenta ba zama ɗaya aka yi aka rubuta su ba. Kusan kowace daga cikinsu ta samo asali ne daga wani magaji da aka sa wa rai, sai ajali ko siyasa suka shiga tsakaninsa da gadon mulki.

## Wane ne mai jiran gado a tsarinsu?

A masarautun ƙasar Hausa, zama ɗan sarki ba ya ba mutum tabbacin komai. Ko an naɗa shi Ciroma ko Yarima, ranar da sarki ya faku masu zaɓen sarki ne za su zauna. A Kano, alal misali, akwai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A Birtaniya babu masu zaɓe. Da zarar sarki ya cika, a wannan daƙiƙar na farko a jerin magada ya zama sarki, bikin naɗin kuwa yakan biyo baya da watanni.

Sun kasa magada gida biyu. Akwai magaji na tabbas, wanda babu wata haihuwa da za ta ture shi daga matsayinsa, kamar William a yau. Akwai kuma magaji na tsammani, wanda yake kan gaba a yanzu amma idan aka haifa wa sarki ɗa sai ya ja baya. Elizabeth ta Biyu a wannan matsayi ta zauna daga 1936 zuwa 1952, domin a dokar wancan lokacin da an haifa mata ƙane namiji da ya sha gabanta.

Sarautar Yariman Wales, wadda aka fara bai wa magajin sarkin Ingila a 1301, sai sarki ya ga dama yake naɗawa. Sarautar Duke na Cornwall kuwa, tare da filayen da ke ƙarƙashinta, tana zuwa da kanta ga babban ɗan sarki wanda yake magaji.

Abin da ke kawo ruɗani ga mai karatu a wajenmu shi ne maganar jika. A rabon gado na Musulunci, idan mutum ya rasu ya bar ɗa namiji da kuma jika wanda mahaifinsa ya riga ya rasu, ɗan yana katange jikan. A gadon sarautar Birtaniya jika yana tsayawa ne a gurbin mahaifinsa, ya shiga gaban baffansa komai ƙanƙantarsa. Shi ya sa George ya riga Harry.

Sai kuma a ware Edward na Takwas, wanda ya halarci hawan daba a Kano a 1925 yana Yariman Wales. Shi ya hau gadon a Janairun 1936, ya yi murabus a Disambar shekarar, saboda haka ba ya cikin waɗanda ake magana a kansu a nan.

## Jirgin da ya nutse da magaji

Daren 25 ga Nuwamba 1120, wani sabon jirgin ruwa da ake wa laƙabi da Farin Jirgi ya tashi daga tashar Barfleur a gaɓar Normandy zai tsallaka Ingila. A cikinsa akwai William, ɗa namiji ɗaya tilo na aure da Sarki Henry na Ɗaya yake da shi, yana ɗan shekara 17, tare da mutane kusan 300, yawancinsu 'ya'yan manya. Marubutan tarihin wancan zamani sun ruwaito cewa an sha giya sosai kafin a tashi, har da matuƙan. Ba su yi nisa ba jirgin ya daki dutse. An samu an saka William a ƙaramin kwalekwale har ya fara tsira, sai ya jiyo kukan 'yar'uwarsa, ya sa aka juya a ɗauko ta. Mutanen da ke cikin ruwa suka yi caa a kan kwalekwalen, ya kife. Mutum ɗaya aka ce ya rayu, wani mahauci daga garin Rouen. Fadawa sun kasa tunkarar sarki da labarin, sai wani yaro aka tura ya faɗa masa.

Henry ya sa manyan ƙasa suka rantse za su bi 'yarsa Matilda. Da ya mutu a 1135, Stephen, ɗan 'yar'uwarsa, ya riga kowa isa Landan ya karɓi sarauta. Abin da ya biyo baya yaƙin basasa ne da bai lafa ba sai 1153, lokacin da aka daidaita cewa Henry, ɗan Matilda, zai gaji Stephen. A tsakanin nan talaka ne ya ji jiki: kowane mai ƙarfi ya gina ganuwarsa, ana ƙone ƙauyuka, ana ƙwace amfanin gona. A zamanin da sarki shi ne gwamnati, mutuwar saurayi guda kan iya jefa ƙasa cikin irin wannan hali.

## Jika ko baffa?

A 1199 an fuskanci ainihin tambayar da mutane ke yi yau, kuma baffa ne ya yi nasara. Da Sarki Richard na Ɗaya ya mutu, ƙanensa John ya hau gado, aka tsallake Arthur na Brittany, ɗan wan John ɗin. An kama Arthur, kuma tun 1203 ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan shekaru kusan 180 sai abin ya juya. Edward, wanda tarihi ke kira Baƙin Yarima, shi ne babban ɗan Edward na Uku kuma jarumin da Ingila ke tinƙaho da shi. Yana ɗan shekara 16 ya yi yaƙin Crécy a 1346, a 1356 kuma ya kama sarkin Faransa da ransa a Poitiers. Shi aka fara naɗawa Duke na Cornwall a 1337. Wata doguwar rashin lafiya da ta kama shi tun yaƙin Sifaniya ce ta yi ajalinsa a Yunin 1376, shekara guda kafin mahaifinsa. Majalisa, saboda tsoron kada baffan yaron, John na Gaunt, ya miƙa hannu, ta nemi a kawo mata ɗan marigayin, Richard, a tabbatar da shi magaji. Ya hau gado a 1377 yana ɗan shekara 10.

Ƙa'idar jika ta samu gindin zama daga nan, amma an biya kuɗinta. Harajin kai da masu riƙon gwamnati suka ɗora don ci gaba da yaƙi da Faransa shi ya haddasa boren manoma na 1381. A 1399 kuma ɗan John na Gaunt ɗin ya tuɓe Richard ya zama Henry na Huɗu, wanda hakan ya dasa gardamar da ta rikiɗe ta zama yaƙi tsakanin gidan Lancaster da gidan York. A cikin wannan yaƙi ne aka kashe wani magajin, Edward ɗan Henry na Shida, a Tewkesbury a 1471.

## Auren wata biyar

Idan ana neman magajin da mutuwarsa ta fi taɓa rayuwar talakan Ingila, da wuya a wuce Arthur, babban ɗan Henry na Bakwai. An ɗaura masa aure da Catherine ta Aragon, 'yar sarakunan Sifaniya, a Nuwamban 1501. Ranar 2 ga Afrilun 1502 ya mutu a fadar Ludlow yana ɗan shekara 15. Don kada ƙawancen da Sifaniya ya wargaje, aka nemi izini na musamman daga Paparoma domin ƙanensa Henry ya auri matar, aka yi auren a 1509.

Shekaru suka ja, Catherine ba ta samu ɗa namiji da ya rayu ba, sai 'ya mace guda, Mary. Henry na Takwas ya dawo yana cewa auren matar wa haramun ne tun asali, kuma rashin ɗa namiji alamar fushin Ubangiji ce. Catherine ta tsaya kai da fata cewa ita da Arthur ba su taɓa kwanciyar aure ba, don haka babu wani haramci. Paparoma Clement na Bakwai, wanda a lokacin yake ƙarƙashin matsin Sarki Charles na Biyar mai mulkin Sifaniya da Jamus, ɗan 'yar'uwar Catherine, ya ƙi raba auren. A 1534 majalisa ta ayyana sarki a matsayin shugaban cocin Ingila, aka yanke hulɗa da Roma. Daga 1536 aka shiga rufe gidajen ibada na masu zaman zuhudu, kusan 800, aka ƙwace filayensu. Waɗannan gidaje su ne ke ciyar da mabarata, su sauki matafiya, su kula da marasa lafiya. Mutanen arewacin Ingila sun yi bore a wannan shekarar, aka murƙushe su.

Masana sun rabu a kan nauyin da ya kamata a ba mutuwar Arthur. Wasu na ganin da ya rayu, da Ingila ta ci gaba da zama ƙasar Katolika kamar Sifaniya. Wasu kuma na cewa aƙidar Furotesta ta riga ta fara shigowa ta hannun 'yan kasuwa da malaman jami'a, don haka ko ba jima ko ba daɗe sai an yi wannan rabuwa. Abin da ba a gardama a kansa shi ne yadda rabuwar ta zo: daga fada ta sauko, kuma a kan maganar auren Arthur.

Irin wannan muhawara ake yi a kan Henry Frederick, babban ɗan James na Ɗaya, wanda zazzaɓi, da ake kyautata zaton taifot ne, ya kashe a Nuwamban 1612 yana ɗan shekara 18. Ƙanensa Charles ne ya gaji sarautar, ya yi rigima da majalisa har aka kai ga yaƙi a 1642, aka fille masa kai a Janairun 1649. Masu begen Henry na cewa shi da yake da farin jini kuma Furotesta ne na gaske, da ya iya zama da majalisa lafiya. Sai dai hujjar tana da rauni. Henry yana da son yaƙi, yaƙi kuwa kuɗi yake ci, kuma a kan kuɗi ne Charles ya fara saɓawa da majalisa. Wanda bai yi mulki ba bai sa haraji ba, bai kori kowa ba, shi ya sa yabonsa yake da sauƙi.

## Wanda majalisa ta hana

Ba kowa ne ajali ya tare ba. An haifi James Francis Edward a Yunin 1688, ɗan Sarki James na Biyu wanda ɗan Katolika ne. Haihuwarsa ta tayar da hankalin manyan Furotesta, domin ta nuna sarautar za ta ɗore a hannun Katolika. Aka baza jita-jitar cewa jaririn ba na sarauniya ba ne, wai a ɓoye aka shigo da shi ɗakin haihuwa cikin kaskon ɗumama gado. Manya bakwai suka rubuta wa William na Orange, mijin Mary 'yar sarkin, ya zo da runduna. Kafin ƙarshen shekara an tsere da jaririn zuwa Faransa, sarkin ma ya bi su, daga baya aka ɗora William da Mary a kan gadon.

Dokar 1689 ta haramta wa ɗan Katolika hawa gadon. Amma ɓangaren Furotesta ma sai magada suka ƙare. Gimbiya Anne, ƙanwar Mary wadda ta zama sarauniya bayan William, ta yi ciki 17, ɗa guda ne ya wuce ƙuruciya, William Duke na Gloucester, shi ma ya mutu a 1700 yana ɗan shekara 11. Wannan mutuwa ce ta sa majalisa ta yi dokar 1701, wadda ta tsallake dangi 'yan Katolika sama da 50 ta miƙa gadon ga Sophia ta Hanover a Jamus, jikar James na Ɗaya, da zuriyarta Furotesta. Sophia ma ba ta hau ba. Ta faɗi ta mutu a lambun fadarta a Yunin 1714 tana da shekara 83, ƙasa da wata biyu kafin Sarauniya Anne. Ɗanta ya zama George na Ɗaya, kuma har yau sai jinin Sophia ne ke shiga jerin magada.

Shi kuwa James Francis Edward, an sha nuna masa cewa idan ya bar Katolika ƙofa za ta iya buɗewa, ya ƙi. Ya sauka Scotland a ƙarshen 1715 bayan magoya bayansa sun ɗaga tuta, ya koma cikin 'yan makonni. Ɗansa Charles ya sake gwadawa a 1745, aka karya rundunarsa a Culloden a Afrilun 1746. Mutanen tsaunukan Scotland ne suka ɗauki hukuncin: aka karɓe makamansu, aka hana su sa tufafinsu na gargajiya, aka soke ikon shari'a da shugabannin ƙabilunsu suka gada. James ya mutu a Roma a 1766.

Darasin shari'a da ya fito daga nan shi ne mafi girma a duk labarin. Daga 1689 majalisa ce ke faɗin wanda zai yi sarauta, jini kuma yana aiki ne a cikin iyakar da ta shata.

## Wahalar zaman jira

Rayuwar mai jiran gado tana da nata ciwon, kuma Frederick, ɗan George na Biyu, shi ya fi nuna shi. An bar shi a Hanover yana ɗan shekara 7 lokacin da iyayensa suka koma Landan a 1714, bai sake haɗuwa da su ba sai 1728. Da ya iso, babu shaƙuwa. Uban ya ba shi fam 50,000 a shekara, rabin abin da shi kansa ya karɓa yana yarima. A Yulin 1737 da naƙuda ta kama matarsa Augusta a fadar Hampton Court, Frederick ya saka ta a keken doki cikin dare ya kai ta fadar St James's a Landan, don kada iyayensa su halarci haihuwar. Ba a shirya ɗaki ba, har an ruwaito cewa mayafin tebur aka shimfiɗa mata. Sarki ya kore shi daga fada, gidansa kuma ya zama matattarar 'yan adawa da gwamnati. Ya mutu a 1751 yana da shekara 44, ɗansa ya zama George na Uku a 1760.

Gimbiya Charlotte kuwa ita kaɗai ce jikar George na Uku ta hanyar aure a lokacin, kuma jama'a, da suka gaji da almubazzarancin mahaifinta da baffanninta, a kanta suka ɗora buri. A Nuwamban 1817, bayan naƙudar kusan awa 50, ta haifi ɗa namiji babu rai, ita ma ta cika bayan 'yan awoyi tana da shekara 21. An rufe shaguna, baƙin yadi na makoki ya ƙare a kasuwa, likitan da ya karɓi haihuwar kuma ya harbe kansa bayan wata uku. Baffanninta da suka manyanta suka shiga neman aure a gurguje, daga auren Duke na Kent aka haifi Victoria, wadda ta zama sarauniya daga baya, a 1819.

Na ƙarshe da ake yawan ambata shi ne Albert Victor, babban jikan Victoria ta wajen magajinta, wanda annobar mura ta kashe a Janairun 1892, makonni kaɗan bayan an yi masa baiko da Mary ta Teck. Ƙanensa George ya aure ta a 1893, kuma su ne kakannin Elizabeth ta Biyu. A wannan karon ƙane ya ɗauki gurbin wa har da matar da aka yi masa alkawari, kamar dai zamanin Arthur, amma babu abin da ya motsa a mulkin ƙasa, domin iko ya riga ya koma hannun firaminista da majalisa.

## Inda doka ta tsaya yanzu

A Oktoban 2011, a taron ƙungiyar Commonwealth a Perth ta Ostireliya, ƙasashen da ke da sarkin Birtaniya a matsayin shugaban ƙasa suka amince a gyara tsarin. Dokar 2013, wadda ta fara aiki a Maris 2015, ta soke fifita namiji a kan mace ga waɗanda aka haifa bayan 28 ga Oktoban 2011. Shi ya sa Charlotte ta ci gaba da zama gaban ƙanenta Louis, alhali Gimbiya Anne, ƙanwar Sarki Charles, tana bayan ƙannenta maza biyu. Dokar ta kuma halatta wa magaji auren ɗan Katolika, ta taƙaita neman izinin sarki kafin aure ga mutum shida na farko a jeri.

Abin da ba a taɓa ba shi ne sharaɗin cewa sarki kansa ba zai zama ɗan Katolika ba. Masu kare sharaɗin na cewa sarki shi ne shugaban cocin Ingila, don haka dole ya kasance mabiyinta. Masu suka na cewa wariya ce ta addini da ta rage daga rikicin 1688, kuma ba ta dace da ƙasar da ke da mabiya addinai da yawa ba. Akwai kuma masu son a soke sarautar baki ɗaya, waɗanda ke kafa hujja da irin labaran da suka gabata cewa bai kamata shugabancin ƙasa ya rataya a kan haihuwa da mutuwa ba. Masu goyon bayan sarauta na amsawa da cewa sanin magaji tun yana jariri shi ke hana rigimar neman kujera.

Ga talaka a yau, sauyin magaji ba zai taɓa haraji ko addininsa ba. Inda abin ke da tasiri shi ne wurare uku. Na farko dukiyar Cornwall, filaye da gidajen haya da ke samar wa magaji sama da fam miliyan 20 a shekara, waɗanda manoma da 'yan haya ke zaune a kansu. Jika ba ya zama Duke na Cornwall, kamar yadda George na Uku bai zama ba, amma wata doka ta 2011 kan kuɗin fada ta tanadi yadda magajin da ba shi da wannan sarauta zai samu kuɗin shiga. Na biyu ƙasashe 14 da ke wajen Birtaniya waɗanda sarkin ke shugabanta, inda kowane sauyi kan farfaɗo da muhawarar zama jamhuriya, hanyar da Najeriya ta bi a 1963, Barbados kuma a 2021. Shugabancin Commonwealth ba gado ba ne, sai da shugabannin ƙasashen suka amince a 2018 kafin Charles ya samu.

Na uku shi ne maganar muƙaddashi. Dokar 1937 ta ce idan sarauta ta faɗa kan wanda bai kai shekara 18 ba, na gaba a jeri wanda ya kai shekarun girma kuma mazauninsa na doka yana Birtaniya shi zai riƙe masa. An haifi George a Yulin 2013, ba zai cika 18 ba sai Yulin 2031. Babba na farko bayansa a jeri shi ne Harry, wanda ke zaune a Amurka tun 2020, kuma lauyoyi na da saɓani a kan ko hakan ya fitar da shi daga sharaɗin mazauni. Majalisa na da ikon naɗa wani daban, kamar yadda ta yi a 1953 lokacin da ta ayyana Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, a matsayin wanda zai riƙe wa Charles idan Sarauniya ta rasu yana yaro.